Ɗan Makaranta da Nufin Allah

Ya ɗan'uwana, ɗan makaranta, ko ka riga ka karɓi Yesu Kristi, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ranar gama karatunka tana zuwa. Mahaifinka yana so ka nemi aikin albashi, gama ya sayar da hatsi da awaki domin kuɗin makarantarka. Abokanka ba su da zance sai na birni. Zuciyarka kuwa wataƙila tana jan ka wajen koyarwa, ko jinyar marasa lafiya, ko wa'azi a ƙauye. Wanne ne nufin Allah?

Mutane da yawa sukan yanke shawara tukuna, kana su durƙusa su roƙi Allah ya sa albarka. Wannan neman mashaidi ne ga nufin kai. Addu'ar gaskiya takan fara da yarda: ka amince za ka yi biyayya tun ba ka ji umurnin ba.

Dubi yaron nan Sama'ila a Shilo. Sau uku Ubangiji ya kira shi da dare, sau uku ya sheƙa wurin Eli firist, gama bai san muryar ba tukuna. Sai da tsohon ya koya masa ya amsa kamar bawa mai saurare, kana aka ba shi saƙon. Saƙon kuwa mai ɗaci ne, hukunci ne bisa gidan Eli wanda ya goye shi. Duk da haka da gari ya waye ya faɗi duka, bai ɓoye kome ba. Ka lura: ya karɓi koyarwar dattijo, bai kuwa zaɓi abin da za ya ji ba.

Kada kuma ka sa rai Allah za ya nuna maka dukan hanya gaba ɗaya. Matafiyin dare mai fitila taki kaɗan yake gani. In ya taka su, sai haske ya yi gaba. Ruhu Mai Tsarki ya hana Manzo Bulus wa'azi a Asiya, ya hana shi shiga Bitiniya, sai a Taruwasa aka nuna masa Makidoniya. Ashe rufaffiyar ƙofa ma amsa ce. Hakanan Samuel Ajayi Crowther, wanda aka ƙwato daga jirgin bayi a 1822: sa'anda ya shiga makarantar Fourah Bay a Saliyo a 1827, bai san za a naɗa shi bishop a 1864 ba. Karatun da ke gabansa ya riƙe da aminci.

Saboda haka ka keɓe lokaci kowace safiya domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Abin da Maganar Allah ta hana, kamar satar amsa a jarrabawa, ko ba da toshiyar baki domin samun aiki, ba nufinsa ba ne daɗai. Kada ka je wurin mai duba, kada ka dogara ga mafarki kaɗai. Ka auna baiwarka, ka tambayi kanka wa za ya amfana da aikinka. Ka shawarci dattawan ikilisiya, ka faɗa wa iyayenka abin da ke zuciyarka da ladabi.

Bari wannan ta zama addu'arka: Ya Uba, ka nuna mani aikin yau, ka ba ni zuciyar yin sa, saboda Yesu Kristi. Amin.