Shin Nasarar Yaƙi Hujja Ce ta Gaskiya?

Yaƙi guda yakan sauya makomar ƙasa, kuma duk wanda ya ci yakan ce Allah ne ya shaidi gaskiyarsa. Tarihin jihadin Kano ya isa a auna wannan da'awa da shi.

A yammacin Kano, ɓangaren da Lakwaya da Gwarzo da Kabo suke, aka fara ɗaga tuta. A 1804 malaman da suka amsa kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi hijira zuwa Kwazazzabo. Daga nan suka fuskanci garuruwa irin su Gammo da Godiya da Karaye. Sarkin Kano Alwali yana da dawaki da 'yan lifidi, bindiga ma ba baƙuwa ba ce a fadar Kano, domin tun zamanin Sarki Babba Zaki sarkin Kano yake da 'yan bindiga. Duk da haka, wajen 1807 aka karya rundunarsa a Ɗan Yaya, ya bar birni, daga baya aka kashe shi a Burum-burum.

Mai gaggawar hukunci zai ce magana ta ƙare a nan. Amma jama'ar Shehu da ta yi galaba a Tabkin Kwatto a 1804, ita ce kuma aka yi wa mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, sannan a Alwasa a 1805. Aƙidarsu ba ta canza tsakanin waɗannan ranaku ba. Haka Sahabbai suka ga Badar suka kuma ga Uhudu, kuma ayoyin Suratu Ali Imrana sun danganta abin da ya faru a Uhudu da saɓa umarni da kwaɗayin ganima, ba da ƙaryar saƙon Musulunci ba.

A Turai ma haka abin ya kasance. Sarki Fardarik na Farusiya ya tarwatsa Faransawa a Rosbak a 1757. A 1806 Nafoliyon na Faransa ya rama a Jena, ya shiga Balin. Abin da ya sauya shi ne tsarin runduna, horo da jagoranci, wato sabubba, waɗanda kan yi wa mumini da kafiri aiki daidai wa daida. Da galaba ce ma'aunin gaskiya, da sai a ce igwar Turawan Ingila da ta fasa ƙofar ganuwar Kano a 1903 ita ma hujja ce, abin da malaman ƙasar ba su taɓa karɓa ba.

Shi ya sa tun a zamanin jihadi Shehu Laminu na Barno ya nemi hujjar jihadin a rubuce, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu kuma ya amsa masa da dalilai na shari'a, bai ce takobi ya riga ya yanke ba. Abdullahi Ɗanfodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, ya fi kowa tsananta wa nasa mutanen. Da ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, sai ya bar ta da niyyar tafiya gabas. Da ya iso Kano, mutanenta suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayyana wa waɗanda suka ci yaƙi yadda shari'a ta ɗaure hannun mai mulki.