Yaro da Wayar Hannu: Laifin Wane Ne?

Tsakanin shekara 10 zuwa 14, lokacin da yaro yake ɓatawa a gaban talabijin, wayar hannu da kwamfuta yakan ƙaru ƙwarai. Iyaye da yawa sukan ce taurin kai ne irin na 'ya'yan zamani. Amma ko adalci ne a ɗora wa yaro shi kaɗai laifin halin da waɗansu suka taimaka wajen shuka masa?

Yaro ba ya zaɓen yanayin da ya sami kansa a ciki. A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya da sauran ƙasashe, yara suka rabu da aji da filin wasa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 ya nuna cewa lokacin kallon yara masu shekara 12 da 13 ya tashi daga sa'o'i 3.8 zuwa 7.7 a rana, ban da na karatu. Halin yaran bai lalace dare ɗaya ba. Abin da yake cika yininsu ne aka ɗauke.

Gida kuma yana da nasa rabo. Wani binciken na 2024, a Amurka ɗin dai, ya gano cewa kallo ya fi yawa inda iyaye da kansu suke manne da waya, inda ake kallo lokacin cin abinci ko a ɗakin barci, da inda ake ba da waya a matsayin lada ko a ƙwace ta domin horo. Inda iyaye suke sa ido, suna kuma kafa iyaka, kallon yakan ragu. Kamfanoni ma ba su kuɓuta ba: an tsara TikTok da YouTube yadda bidiyo zai riƙa bin bidiyo ba hutawa.

Wannan bai wanke yaro sarai ba. Ɗan shekara 13 ya isa ya fara koyon kamun kai, gama ba kullum idon uwa zai kasance a kansa ba. Sai dai kamun kai a wurin manya ake ganinsa kafin a koye shi. Uban da yake latsa waya a kan akushi ba shi da bakin hana ɗansa. Nauyin farko na wanda ya sayi wayar ne, ya kuma bar ta ta kwana a ƙarƙashin matashin yaro.