Kwana Nawa Ɗan Tsuntsu Ke Yi A Sheƙa?

Wani ɗalibina mai kiwon kaji ya tambaye ni ko laifi ne mutum ya fasa wa ɗan tsako ɓawo idan ya ga ya jinkirta fitowa a injin ƙyanƙyasa. Na ce masa masana kiwo ma sun hana, domin sau da yawa jini ne ke ɓallewa ɗan tsakon ya mutu. Amma tambayar ta bar ni da tunani.

Jama'a, ku duba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kamar 28, na agwagwarmu ta gida 35, na jimina wajen 42. Ko bayan ɗan tsako ya fito a inji, akan bar shi a ciki kamar kwana guda har gashinsa ya bushe. Ba ya jin yunwa, domin ragowar ƙwaiduwar da ta shige cikinsa tana riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Watau an yi masa guzuri tun kafin a sallame shi.

Tattabara kuwa lamarinta daban ne. Kwana 18 ƙwanta ke ƙyanƙyashewa, sai ɗan shila ya fito kusan tsirara, ido a rufe. Uwa da uba duka ke yi masa ɗura da wani farin abu mai kama da kindirmo daga maƙogwaronsu, ya yi kusan wata guda a sheƙa. To, wa zai ce ɗan shila rago ne don ɗan tsako ya riga shi tafiya? Kowanne da wa'adin da Allah Ya yanka masa, alamar cikarsa kuwa a jikin ɗan take, ba a gajiyar iyaye ba.

A nan ne nake jin tsoro game da mu. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce haƙƙin renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu Sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, Annabi (SAW) ya ga tana fuffuka, ya umurce su da su mayar mata. Alhali yau sai ka ga yaro ɗan shekara 5 an ɗora shi a mota da allo da ƙoƙo, zuwa garin da bai san kowa ba. Ni ma almajiri ne, ba na ƙin tafiya neman ilmi. Sai dai ina da shekara 13 aka kai ni, kuma da buhun gero.

Wani zai ce, ai tattabarar ma takan kori ɗanta. Gaskiya ne, na sha gani a gidana. Uban yakan yi ta saransa har ya bar kwandon, kuma iyayen da ke riƙe ƙato ɗan shekara 30 a zaure ba sana'a su ma suna da abin koyo a nan. Amma ban taɓa ganin ya fara saran ba sai bayan fukafukai sun cika.

Bara wani ɗan shila ya faɗo yana da mako biyu. Kafin in fito daga masallaci kyanwa ta riga ni.