Ɗan Tayin Kwana Biyar da Majinyacin da Ke Jira

A shekarar 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya yi nasarar ciro ƙwayoyin halitta na asali daga ɗan tayin mutum, ya rene su a ɗakin gwaji. Waɗannan ƙwayoyi suna iya rikiɗewa su zama jijiya, tsoka ko jini, shi ya sa likitoci ke sa ran warkar da cututtuka da su. Matsalar ita ce, ciro su yana hallaka ɗan tayin, wanda bai wuce kwana biyar ba.

A nan Kiristoci suka rabu. Cocin Katolika, a takardar Dignitas Personae ta 2008, ta tsaya a kan cewa ɗan Adam yana da mutuncinsa tun daga haɗuwar maniyyi da ƙwai, don haka ba a kashe shi domin ceton wani. 'Yan Baptis na Kudancin Amurka ma haka suka tafi. Amma Cocin Episkopal da ta Presbiteriyan a can sun amince a yi bincike da 'yan tayin da suka yi saura a asibitocin taimakon haihuwa. Hujjarsu ita ce zubarwa za a yi da su, alhali Yesu ya umarci mabiyansa su kula da marasa lafiya.

Wannan hujja tana da nauyi, amma ba ta gamsar da ni ba. Majinyacin da likita ya ɗebe tsammani da shi ma mutuwa zai yi, duk da haka ba wanda zai yarda a cire masa ƙoda ba da izini ba. Kusantar mutuwa ba ta mayar da rai kayan aiki. Na san masu ja za su ce kafin kwana 14 ɗan tayi yana iya rabewa ya zama tagwaye, to wane mutum ake magana? Tambaya ce ta gaskiya. Sai dai maharbin da ya ga motsi a ciyawa, bai tabbatar dabba ce ko mutum ba, ba ya sakin kibiya.

Kuma akwai wata hanya. Dashen ɓargo, wanda ke warkar da wasu masu sikila, da ƙwayoyin da aka ɗebo daga jikin mai bayarwa ake yin sa, ba ya taɓa ɗan tayi. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin fatar mutum tamkar na asali, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012. Gaskiya ce, ilimin da aka samu daga 'yan tayi ya share masa hanya, kuma mai adawa ya kamata ya faɗi hakan.

A ganina, duk cocin da ta ce a bar ɗan tayi ta ci bashin majinyaci. Ta biya shi da kuɗin bincike ta ɗaya hanyar, da asibiti, da tallafi ga iyayen da dashen ɓargo ya fi ƙarfin aljihunsu.