Ba a Manta da Ku Ba: Tutar Fursunonin Yaƙi da Kabarin Fada Kapaun

A shekarar 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da wata baƙar tuta a matsayin alamar fursunonin yaƙi da sojojin da suka ɓace a fagen fama. Iyalan waɗanda suka ɓace a yaƙin Biyetnam ne suka fara ɗaga ta. A jikinta akwai hoton mutum ya sunkuyar da kai, bayansa hasumiyar masu gadi da waya mai ƙaya. A 2019 wata doka ta umarta a riƙa ɗaga ta kullum tare da tutar ƙasa a manyan gine-ginen gwamnati. Juma'a ta uku ga Satumba kuma ita ce ranar tunawa da su. Har yanzu fiye da mutum 80,000 ba a san makwancinsu ba, galibinsu tun Yaƙin Duniya na Biyu.

Wani zai ce, ina amfanin tuta ga matar da ba ta san ko ita gwauruwa ce ba? Tambayar tana da nauyi. Tuta ba ta share hawaye. Amma gwamnatin da ta rubuta alkawari cikin doka ta ba iyalai abin da za su riƙe ta da shi, an kuwa ci gaba da tono da gwajin ƙasusuwa.

Mu dubi Fada Emil Kapaun, firist daga jihar Kansas, limamin sojoji a yaƙin Koriya. An kama shi a Nuwamba 1950 domin ya ƙi barin waɗanda suka ji rauni. A sansanin Pyoktong, cikin sanyi mai kisa, yakan saci jiki da dare ya nemo wa mayunwata abinci, ya wanke tufafin masu ciwo, ya jagoranci addu'a ko da masu gadi sun hana. Ya rasu ran 23 ga Mayu 1951. Shekara 70 ba a san inda gawarsa take ba, ashe tana cikin kaburburan da ba su da suna a Hawai. A 2021 aka gane ta, aka kai ta babban cocin Wichita. A 2025 Paparoma Faransis ya ba shi matsayin Abin Girmamawa, mataki a kan hanyar shiga jerin tsarkaka.

Ikilisiya ta lissafa ziyartar fursuna da binne matattu cikin ayyukan jinƙai tun kafin wata majalisa ta zauna. Tobit ya sa ransa cikin hatsari domin ya binne 'yan'uwansa da aka yasar. Ubangijinmu kuma, a Matiyu sura 25, ya ɗauki ziyarar ɗan kurkuku a matsayin ziyara gare shi.

A cikinmu ma akwai gidajen da ɗansu ya tafi bakin daga, har yau babu gawa, babu wasiƙa. Muna roƙon irin waɗannan iyalai su kai sunayen ga Fadan cocinsu, domin a ambace su ɗaya bayan ɗaya a lokacin Misa.