Me Jini Ya Sani Game da Asali?

Idan aka zo neman aure a ƙasar Hausa, kafin a kai ga maganar sadaki akan tura a binciko asali. Waye kakansa? Daga ina suka zo? A da amsar tana bakin tsofaffi. Yanzu akwai kamfanonin da za ka aika wa yawunka, su karanta ƙwayoyin gadonka, su ce maka kashi kaza daga nan, kashi kaza daga can. To, in jini ya yi magana, wane hukunci ya halatta mu yanke da abin da ya faɗa?

Mu fara jin abin da ya faɗa tukuna. A 2003 aka kammala babban aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan'adam, kuma an gano cewa ko waɗanne mutum biyu sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100. Tun a 1972 masanin nan Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 na ɗan bambancin da ya rage yana tsakanin mutanen al'umma ɗaya ne. Afirka ce ta fi ko'ina yawan wannan bambanci, domin a nan mutum ya fi daɗewa. Waɗanda suka fita kusan shekaru 60,000 da suka wuce 'yan kaɗan ne, kuma wani yanki kawai na gadon suka ɗiba.

Jinin namu ma yana da labari. Akwai wani reshe na gadon uba, R1b-V88, da ya yawaita a tsakanin masu harsunan Cadi, dangin Hausa, alhali 'yan'uwan reshen suna Turai da Asiya. Haka nan Fulani da yawa suna ɗauke da irin canjin da ke sa Turawa iya narkar da madara bayan sun girma. Wannan shaida ce ta tafiya da auratayya, tun zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna.

A nan tarkon yake. Wani zai ji haka ya ce, ai shi daga waje yake, ya fi wane. Da irin wannan tatsuniya Turawan mulkin mallaka suka fifita Tutsi a kan Hutu, kuma duniya ta ga abin da ya faru a Ruwanda a 1994. Amma ka yi lissafi: in ka koma baya hawa goma, guraben kakanninka 1,024 ne. Layin uba ɗaya ne tak a ciki. Da wane dalili shi kaɗai zai zama asalinka, a binne sauran?

Dubi birnin Kano: Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari. Sunayen unguwannin ba su ɓoye inda kakanni suka fito ba, amma jikokinsu Kanawa ne, babu mai ja. Zama da harshe da maƙwabtaka ne suka mai da su haka.

Akwai dai inda ya wajaba a saurari jini. Ƙwayar sikila ta yaɗu ne saboda tana kare mai ɗauke da guda ɗaya daga tsananin zazzaɓin cizon sauro. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Wannan binciken asali ne mai hana yaro kwana yana kuka. Sauran tambayoyin, ko mai gaskiya ne, ko zai riƙe 'yar mutane da amana, maƙwabtansa za a tambaya.