In Ka Isa Gidan Dangi, Jingine Keken

Ɗana, na ji kana shirin hawa keke daga Kano zuwa Daura, har ka ce za ka ɗan leƙa 'yan'uwa a Kazaure. Madalla. Sai dai wannan kalma ta "ɗan leƙawa" ita ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in yi maka magana tun ba ka ɗaura kaya a kariya ba.

Batun keke mai sauƙi ne. Kai shi wurin mai gyara tun ana gobe tafiya, a duba birki, a sa wa kaca mai, a ɗaure duk abin da ya yi lakwa-lakwa. Riƙe famfo da faci da sholisho da gorar ruwa. Ka tashi da an sallame asuba, don ka wuce Dambatta kafin rana ta buɗe ido. Bi gefen titi, kuma ko gajiya za ta kashe ka kada ka kama bayan tirela ta ja ka. Tafiyar ta haura kilomita 100, ta zarce mil 48 ɗin da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka kana da sauƙin yin ƙasaru. In rana ta take, nemi inuwa. Sauri ya haifi nawa.

To, ga inda na fi so ka saurara. Ina saurayi na taɓa bin wannan hanya a kan Raleigh ɗin mahaifina. Na isa gidan goggona a Kazaure wajen azahar, ƙura har gashin ido. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura da kanta, ta sa yara suka bi wani jan zakara har bayan rumbu. Ni kuwa hankalina yana kan hanya, ina ta lissafin yadda zan shiga Daura kafin magariba don in samu abin ba abokai labari. Ana cikin figar zakaran na miƙe na ce zan wuce. Ba ta hana ni ba. Ta rako ni zaure, ta ƙulla mini gyaɗa a ƙyalle, sannan ta ce, "Ashe ba wurinmu ka zo ba, hanya ce ta biyo da kai." Na shiga Daura da sauran rana kamar yadda na so, amma har yau in na tuna maganar nan sai kunya ta rufe ni.

Gidan dangi ba tasha ba ne. Aika musu tun da wuri cewa kana tafe. Kada ka je hannu rabbana. Ko goro ne da sabulu da sukari, keke ba zai gaza ɗauka ba. In ka yi sallama, jingine keken a zaure ka manta da shi. Durƙusa ka gai da manya ɗaki ɗaki. Yi ta'aziyyar wanda ya rasu ba ka zo ba, yi barkar haihuwar da aka yi ba ka nan. Abin da aka ajiye maka, ci, ko tuwon dawa ne da miyar kuka, kada ka yatsina fuska. Wayarka ta zauna a aljihu. In yara sun yanyame keken suna kaɗa ƙararrawa, ƙyale su, da haka za su riƙe sunanka. Da dare zauna hira, ka tambayi tsofaffi yadda kuka haɗa jini da wane da wance, don wannan karatu ba a samun sa a makaranta.

Kwana ɗaya ko biyu ya wadatar, baƙo raɓa ne. Da safe ka bi kowa ka yi sallama, ka karɓi saƙon da za a ba ka zuwa gida, ka kuma isar da shi yadda aka faɗa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kai kuwa Allah ya hore maka har da taya biyu. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ba inda za ta, ko baɗi ka je za ka same ta. Tsofaffin da ke Kazaure ba ka da wannan tabbaci a kansu. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.